Yadda ake kula da kwamin kifin koi a bayan gida

Kifin koi ya samo asali ne daga yankin Niigata na ƙasar Japan, inda manoman shinkafa suka fara ware masu launi daga cikin kifayen da suke kiwo domin ci tun a ƙarni na 19. Mutane kan saye shi saboda kyawunsa, musamman nau'in Kohaku mai fari da ja, sai dai yawancin sababbin masu kiwon da na gani sun yi asarar kifayensu ne a watan farko, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne.

Da farko a haƙa kwami mai zurfin da bai gaza mita ɗaya ba, wanda zai ɗauki aƙalla lita 4,000, domin ɗan kifin da aka sayo kamar tsawon yatsa yana iya wuce santimita 60. Ni ba na yarda a gina shi a ƙarƙashin bishiya, saboda ganyen da ke zuba yana ruɓewa a ƙasa; gara a kafa rumfa. Idan da siminti aka gina, a shafe shi da fentin da aka yi domin kwamin kifi, don sabon siminti yana gurɓata ruwa.

Matakin da ya kayar da ni shi ne na matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan kwamin. Na ɗauka aikinta tace datti ne kawai, har na zuba kifi takwas washegarin cika kwamin, kuma kafin mako uku, guda biyar sun mutu alhali ruwan garau yake. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ita kuwa guba ce da ido ba ya gani. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin soso da duwatsun matata ne suke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da naitirait ɗin zuwa wani sinadarin daban mai suna naitiret, mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyin ba sa taruwa sai bayan mako huɗu zuwa shida. Saboda haka a fara da ƙananan kifi biyu ko uku, a riƙa ba su abinci kaɗan, a kuma auna ruwan kowace rana har amoniya da naitirait su sauka zuwa sifili kafin a ƙara wani. Kayan awon ba su kai kuɗin kifi ɗaya mai kyau ba, amma su ake fara tsallakewa.

Idan matatar ta kama, kada a wanke sosonta da ruwan famfo, domin sinadarin kulorin zai kashe abin da aka yi makonni ana reno. A ɗebi ruwan kwamin a bokiti a ɗauraye shi sama-sama. Kada kuma a kashe famfon lantarkin da ke tura ruwa cikin matatar da dare don rage kuɗin wuta. Ana so ya juya ruwan gaba ɗaya duk awa ɗaya ko biyu. Wanda ya saba da tarwada ya lura da kyau a nan, domin tarwada tana shaƙar iska daga sama ta jure gurɓataccen ruwa, koi kuwa ba shi da wannan juriya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, kuma da asuba ta fi ƙaranci, don haka inda ake yawan ɗauke wuta wajibi ne a tanadi injin hura iska mai batir.

Sauran aikin na yau da kullum ne. A canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako, bayan an cire kulorin daga sabon. Abinci kada ya wuce abin da za su cinye cikin minti biyar. Idan ruwa ya yi kore, fitilar UV, mai hasken da ke kashe gansakukar da ke cikin ruwa, tana maganinsa, a riƙa sauya ƙwanta duk shekara. Sabon kifi kuwa a killace shi a wani mazubi na mako huɗu kafin a haɗa shi da sauran, sannan a shimfiɗa raga a saman kwamin saboda zalɓe.