Yadda ake karatun da zai zauna a ƙwaƙwalwa har ranar jarrabawa

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB a Bauchi, ko wanda jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato masa a jami'ar ATBU, galibi hanya ɗaya yake bi: ya maimaita shafi sau uku sau huɗu har ya ji ya saba da shi. Sabon ido ne kawai. A zauren jarrabawa babu littafi, daga kanka za ka ciro amsa, kuma cirowar ce ke buƙatar atisaye.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, suna isar wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai, kuma koyo shi ne wasu daga cikin mahaɗan su ƙara ƙarfi. Sabon bayani yana fara bi ta wani sashe da ake kira hifokamfas, guda a kowane gefen kai, can ciki saitin kunne. A 1953 wani likita a Amurka ya cire mafi yawan sashen nan daga kan wani mai farfaɗiya, Henry Molaison. Ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma duk wanda ya gani yau, gobe baƙo ne a wurinsa. Matakan da ke tafe duk dabarun taimaka wa wannan sashe ne.

Da farko ka yanka karatun ƙanana. Abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu huɗu ko makamancin haka ba. Ɗauki shafi biyu ko uku, ka ba su minti 25 zuwa 30, waya kuma a bar ta a wani ɗaki.

Sai babban matakin. Rufe littafin, ka ɗauko farar takarda, ka rubuta duk abin da ka tuna. Za ka ji nauyi, wani wurin ma ka tsaya cak. Kada ka leƙa. Ka yi ta lalube na minti ɗaya ko biyu tukuna, domin laluben ne ke ƙarfafa hanyar da bayanin zai biyo a gaba. Bayan nan ka buɗe, ka gyara da jan biro. Idan ba ka gyara ba, kuskuren ne zai zauna. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya suka gwada tunawa sau uku. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Nan ne tarkon yake: hanyar da ta fi daɗi a daren karatu ita ce ta fi zubar da kaya. Malaman tsangaya sun daɗe da gane haka, shi ya sa almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda da ka.

Na uku, ka bar tazara tsakanin bita da bita. Wani Bajamushe mai bincike kan mantuwa, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa a 1885 cewa fiye da rabin abin da ya haddace yana zubewa cikin awa guda, sannan zubewar ta lafa. Gaɓoɓi marasa ma'ana ya haddace, don haka darasin da ka fahimta zai fi haka jimawa, amma salon mantuwar ɗaya ne. Jadawali mai sauƙi: washegari, bayan kwana uku, bayan mako guda, bayan mako uku, kowace bita da littafi a rufe. Yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, ka tanadi ambulan uku. Na farko kullum ake dubawa, na biyu duk kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ya kayar da kai ya koma na farko ko daga ina yake. Masu wannan tsari sukan yi wa kansu sassauci, su ce "ai na sani" kafin su furta amsar. Faɗe ta da baki ko ka rubuta, sannan ka juya katin.

A lissafi da fizik, cakuɗa nau'o'in tambayoyi a zama ɗaya, domin ka koyi gane wace dabara ce ta dace da wace tambaya.

Na ƙarshe barci, wanda ɗalibai suka fi rainawa. A lokacin barci mai nauyi, wanda ya fi yawa a farkon dare, hifokamfas yana sake kunna abin da aka koya da rana, yana miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda zai daɗe. An ga haka a ɓeraye tun 1994, a binciken Wilson da McNaughton. Wanda ya kwana yana karatu har asuba ya hana wannan aikin gudana. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye, matashi takwas zuwa goma. Sinadarin da ke cikin Nescafé, shayi da goro kuwa yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato kofin ƙarfe takwas na dare rabinsa yana nan ƙarfe ɗaya. Daga la'asar a dakata da su. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da barcin dare ke wuya a Bauchi, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana rage giɓin. Sabon darasi a yi shi da yamma, a gwada tuna shi bayan sallar asuba kafin a buɗe littafi.