Yadda ake odar sulke da kwalkwali daga maƙeran ƙasashen waje

Kafin ka tura wa maƙeri ko sisi, tsayar da abu biyu: zamanin da za ka kwaikwaya, da irin wasan faɗan zamanin dā da za ka shiga. Kwalkwalin basinet na ƙarni na 14 ba ya tafiya da sulken farantin ƙarfe irin na Jamus na ƙarshen ƙarni na 15, kuma ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ba za su bar ka ka shiga fili da wannan gamin gambiza ba. Nemo hoton kayan asali, kamar waɗanda ke gidan tarihi na Wallace Collection a Landan ko ɗakin makamai na Churburg a arewacin Italiya, ka tura wa maƙerin ka ce ga irin wanda kake so.

Sai kaurin ƙarfe. Ƙungiyar SCA, mai shirya wasannin kwaikwayon faɗan zamanin dā, ba ta karɓar kwalkwalin da bai kai milimita 1.6 ba. Masu buhurt kuwa, da ke jibgar juna da makaman ƙarfe marasa kaifi, nasu yakan haura milimita 2. Wasu maƙeran da geji suke lissafi, wanda lambarsa na hawa kauri na raguwa: geji 14 kusan milimita 2 ne, geji 18 kuma wajen 1.2. Ka sa a rubuta maka da milimita, sannan ka tambaya ko awon na kafin ƙira ne ko na bayanta, don dukan guduma yana sirantar da tsakiyar kwalkwali, daidai inda sara ke sauka. Ƙarfe mai taushi ya fi araha, amma yana lotsewa. Ƙarfen sifirin da aka gasa aka ƙarfafa ya fi tsada, sai dai ɗan siririnsa ma yana jure duka, shi ya sa ya fi dacewa da hannuwa da ƙafafu. Wanda ba ya tsatsa yana da sauƙin kula, amma ƙyallinsa kan tona asirin cewa na zamani ne.

Awo shi ne inda kuɗin mutane ya fi salwanta. Fara mallakar lifidin da za ka sa a ciki, ka sa shi, sannan wani ya auna ka a kansa da tef ɗin tela, a santimita. Kada ka auna kanka, don da ka sunkuya lambobin sun canja. Haka awon kwalkwali: a faɗa wa maƙerin zagayen kai tsura, a kuma gaya masa kaurin matashin da zai zauna cikin kwalkwalin. Tsawon cinya da na damtse sun fi faɗinsu muhimmanci, domin idan ƙusar mahaɗa ba ta faɗo daidai gwiwa ba, ƙarfen zai riƙa cizon ka a duk taku, kuma ba madaurin da zai gyara wannan. Ƙwauri ya fi komai wuyar sha'ani. Ɗora ƙafarka a kan takarda a zana ta ta gaba da ta gefe, a haɗa da zagayen idon sawu da na sha-raɓa. Maƙeran da suka ƙware sukan nemi a zuba musu siffar ƙafar da filasta a aiko.

Sulken zobba mai araha galibi daga Indiya yake fitowa, farantin ƙarfe kuwa an san maƙeran Yukren da Foland da Cek da shi. Zaɓi wanda aka ɗaure kowane zobe da ƙusa, mai faɗin ciki milimita 8 ko 9. Wanda aka haɗa bakinsa kawai yana buɗewa da nauyin kansa, musamman a hammata. Tambayi kuma ko lambar ƙirjin da suka rubuta ta jikin mai sawa ce ko ta rigar a miƙe.

Yawanci za a nemi kafin alƙalami, sauran kuma idan aiki ya kammala. Jira kan ɗauki watanni, alhali damar kai ƙorafi a manhajar biyan kuɗi ta PayPal ba ta wuce kwana 180, don haka rarraba biyan, kuma fara da abu guda, misali safar hannu, ka ga hannun mutumin. A rubuta komai cikin saƙo ɗaya: irin ƙarfe, kauri, awo, ranar gamawa, da wanda zai ɗauki kuɗin mayarwa idan kuskuren nasa ne. Nemi hotuna kafin a goge a sa madauri, lokacin gyara na da sauƙi.

Cikakken sulke yakan kai kilo 20 zuwa 25, saboda haka lissafa kuɗin dako da harajin kwastan tun farko. Kada a cusa takobi cikin kwalin, dokar makami daban take, tana iya jawo a riƙe kayan duka. Ka ce a shafe ƙarfen da mai, a naɗe kowane yanki daban. Ranar da ya iso, sa shi a kan lifidin, ka durƙusa, ka ɗaga hannu sama, ka haɗa hannuwa a gaba. Duk inda ya cije ka ɗauki hotonsa ka tura wa maƙerin kafin ka huda ko ka lanƙwasa wani abu.