Kafin ka taɓa kore, fara raba haske da duhu

'Yan uwa masu koyon zane, musamman mu na nan Madina, kusan kowa da koriyar kubbar masallacin Manzon Allah (SAW) yake farawa, kuma matsalar ɗaya ce, sai mutum ya shafa kore kala ɗaya tun daga sama har ƙasa kubbar ta fito a baje kamar faifai babu tudu ko kaɗan. Wallahi abin yana damuna don ba laifin fenti ba ne, haske da duhu ne ba a raba ba.

Ga yadda nake yi. Bayan la'asar ka tsaya a harabar da ke ɓangaren alƙibla ka fuskanci kubbar, rana tana hagunka, sai ka ƙanƙance ido kamar mai jin barci. Ƙananan abubuwa duk za su ɓace, saura hagu mai haske, tsakiya, da dama mai inuwa. Ɗauki hoto da wayarka ka mayar da shi baƙi da fari, shi ne malaminka.

In ka koma gida ja akwati 5 a kwali, na farko fari tas na ƙarshe baƙi ƙirin, uku na tsakiya ruwan toka mai ƙara duhu. Wani mai zane ɗan Amurka, Albert Munsell, nashi ma'aunin daga 0 ne zuwa 10, amma biyar sun ishi mai koyo. Da waɗannan kaɗai za ka fara zana kubbar, in ba ta yi tudu a toka ba to kore ma ba zai cece ta ba.

Sai kala. Shuɗi da rawaya su ke ba da kore, wannan kowa ya sani. Inda ake faɗuwa wajen inuwa ne, hannu na rawa a ɗebo baƙi, nan take koren ya mutu kamar an zuba mishi toka. Dan Allah ka gwada ja, ɗan ɗigo a bakin burushi kawai, don ja shi ne kishiyar kore kamar yadda ruwan lemo yake ga shuɗi, zai kwantar da shi ya yi duhu amma da ranshi. Gefen rana kuma ƙara rawaya kafin fari, fari zalla koɗar da kala yake kamar alli. Ni kam duk sanda nake haɗa koren nan sai na tuna tun 1837 zamanin Sarki Mahmud na biyu na Daular Usmaniyya aka yi wa kubbar shi.

In akirilik, fentin nan mai saurin bushewa, kake amfani da shi yana ƙara duhu in ya bushe, so ka gwada a gefen kwali ka ɗan jira tukunna. Can bakin inuwar ta dama ka bar ɗan siririn haske mara ƙarfi, wanda sararin sama da farin dutsen harabar ke maidowa. Jinjirin watan da ke saman kubbar shi za ka taɓa a ƙarshe, da ƙaramin burushi.