Yadda za ka rage shan man motarka idan fetur ya yi tsada

Fara da sanin abin da motar take sha. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifili, ka ci gaba da zirga-zirgarka. Ranar da ka sake cikawa, raba litocin da aka zuba da kilomitocin da ka yi, ka ninka da 100. Lita 40 a kilomita 400, lita 10 ke nan a kowace kilomita 100. Allurar mai ba abin dogaro ba ce wajen wannan lissafi, don ba ta sauka daidai wa daida.

Yawancin ɓarnar daga ƙafar direba take. Duk lokacin da ka danna totur da ƙarfi sannan ka taka birki, man da ya ba motar gudu ya tashi a banza, ya zama zafi a jikin birki. Riƙa duba gaba da nisa. Da ka hango cunkoso ko jar wuta, ɗaga ƙafa ka bar motar ta gangara tana cikin giya. Motoci masu injekta suna yanke mai a irin wannan gangarowa, amma idan ka saka ta a firi, dole injin ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu, ga kuma haɗarin rasa riƙon injin a gangara. A babbar hanya, yawancin ƙananan motoci sun fi tattali tsakanin kilomita 70 zuwa 90 a awa. Daga nan zuwa sama iska ce ke turje maka, kuma idan ka ninka gudu, turjiyarta ninki huɗu take yi.

Sai taya. Wadda iskarta ta ragu tana baje wa a kan kwalta, injin ya yi ta fama da janta. Auna iska sau ɗaya a wata, da safe kafin tayar ta ɗauki zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kada mai faci ya bi ta.

Barin mota a kunne tana tsaye yana cin kusan rabin lita zuwa lita guda a awa. Idan jiran zai wuce minti ɗaya, kashe ta. Ɗumama inji da safe ma daƙiƙa 30 ta isa, sai ka tashi a hankali. A cikin gari sauke gilashi ya fi kunna na'urar sanyi arha, a babbar hanya kuwa rufe gilashin ya fi. Kwashe tarkacen but, ka cire ƙarfen ɗaukar kaya na saman mota idan ba aikinsa kake yi ba.

Idan lissafinka ya haura ba tare da ka canza tuƙi ba, je wurin makaniki. A duba fulogi, da na'urar auna iskar da ke jikin salansa, wadda idan ta lalace kwamfutar motar takan zuba mai fiye da kima. Baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur alamu ne. Bayan ɗan tafiya, kusantar da hannu jikin kowane wili: wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa na kamawa. Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi. Injin da bai kai zafinsa ba, mai yake ta zuƙa.

Ƙwayoyin jefawa a tanki da ƙananan na'urorin da ake talla wai suna rage shan mai, ajiye kuɗinka. A gidan mai kuma, da famfo ya tsaya ka ce ya isa, domin ƙarin da ake dannawa yakan malale ko ya shiga gwangwanin tace tururin mai ya lalata shi.