Kurakuran da matasan 'yan sanda suka fi yi a gidajensu, da yadda za a gyara su

Duk sa'ad da aka yaye sababbin jami'ai daga makarantar 'yan sanda ta Wudil, ko kurata daga kwalejin Kaduna, aka rarraba su ofisoshin Kano, ba a jimawa sai katin ɗaurin aure ya fara yawo, kuma ba a jimawa bayan nan sai su fara sallama a zaurenmu, mu da muka ajiye kaki, da ƙorafi iri ɗaya: ta yi yaji, surukai sun kira, yara ba sa sakewa. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta kowa ya samu.

Aikin dai ba zai canza saboda kai ba. Ba shi da lokacin tashi tsayayye, ranar Sallah kana filin Idi na Ƙofar Mata ko bakin Ƙofar Kudu kana tare jama'a, washegari kana hawan Daushe, lokacin zaɓe kuma ana iya tura ka wata jihar da ba ka taɓa zuwa ba. Abin da na lura da shi shi ne mace tana iya haƙurin wannan duka. Abubuwa biyu ne suke karya ta: zama cikin duhu ba ta san halin da kake ciki ba, da mijin da idan ya dawo sai ya dawo mata da caji ofis ɗin gaba ɗaya.

Tun daga zance ake fara kuskuren. Saurayi yakan je da kaki a goge, ya ba da labarin albashi da ƙarin girma, ya ɓoye aikin dare da canjin wurin aiki, har yarinya ta ɗauka ma'aikacin sakatariya za ta aura. Ka gaya mata gaskiya, ka gaya wa waliyyinta, sa'an nan ka haɗa ta da matar wani babba da ta daɗe a bariki ta wuni a wurinta kafin a sa rana. Abin da za ta ji a wunin nan ya fi duk bayanin da za ka yi mata a ƙofar gida.

Kuskuren da ya fi kowanne ci mini rai, wanda kuma ni kaina na ɗanɗana kuɗarsa, shi ne shiga gida da muryar ofis. Mutum ya wuni yana tuhumar 'yan daba da masu ƙwacen waya, ya saba duk wanda ke gabansa ƙarya yake yi sai an matsa shi, to sai bakinsa ya kasa sauka daga wannan layin. Ya shigo, uwargida ta ce ta leƙa barka a maƙwabta, sai tambayoyi su biyo baya a jere: ƙarfe nawa kika fita, wa kika tarar, me ya sa ɗazu kika ce bayan la'asar yanzu kuma kika ce kafin la'asar? Yaro ya fasa kofi, sai a tsayar da shi da ƙannensa, a raba su, a tambayi kowa daban don a gano mai ƙarya. Ƙannena, wannan ɗaukar bayanin mai laifi ne, kuma wanda ake ɗaukar bayaninsa kullum ba ya zuwa maka da damuwarsa. Babban ɗana, lokacin yana ƙarami, da ya ji ƙarar babur ɗina a bakin layi sai ya kashe talabijin ya shige ɗaki ya ɗauki littafi. A lokacin ina ganin tarbiyya ce ta kama shi. Yau ga shi da iyalinsa, amma har yanzu idan yana da matsala mahaifiyarsa yake kira, ita ta isar mini, in kuwa muka zauna mu biyu daga gaisuwa sai shiru. Babu ƙarin girman da na samu a aiki da ya biya ni wannan.

Abin da na koma yi, kuma nake ba kowa shawararsa, shi ne kada in wuce gida kai tsaye. Nakan cire kaki tun a ofis in sa jallabiya ko kaftani, in tsaya a masallacin unguwa in yi alwala in yi sallar da ta same ni, in zauna kaɗan a waje a gaisa da mutanen da ba su san ni da yallaɓai ba. Idan na shiga gida kuma, sai an kawo ruwa na sha, an ci abinci, kafin in yi wa kowa tambaya ko da ɗaya ce. Kulki da ankwa ba kayan ɗaki ba ne, bindiga kuwa a mayar da ita ma'ajiya a sa hannu kamar yadda ƙa'ida ta ce, domin gidan da ke da yara da ɓacin rai ba wurin ajiye makami ba ne. Wasu abokaina suna ganin wannan duk ɓata lokaci ne, suna cewa namiji ya iya riƙe kansa. Ni ban taɓa ganin wanda ya kwana yana kwasar gawarwakin haɗari a titin Zariya ya shigo gida da fara'a don kawai ya ƙudurta ba. Abin da ido ya gani yana bin mutum, yana hana barci, yana sa faɗa ba dalili. Idan ka kai ga sai ka sha ƙwaya ko maganin tari kafin barci ya ɗauke ka, to ka wuce matakin haƙuri, ka je ka ga likita; akwai asibitin Dawanau, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya rage wa kowa igiya a hannu.

Sai kuma shiru. Akwai masu fakewa da sirrin aiki su bar gida ba labari har kwana biyu. Duk wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka kai hari hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da hedikwatar jiha da ke Bompai da wasu ofisoshin, aka rasa fiye da mutum 180, aka kuma sa dokar hana fita, ya san yadda matan 'yan sanda suka kwana a zaune da waya a hannu. Tun daga ranar babu matar ɗan sanda a garin nan da take ɗaukar wayar da ba a amsa ba da wasa. Ba wanda ya ce ka faɗi inda za ku kai samame. Saƙo mai layi ɗaya cewa kana lafiya kuma ba za ka dawo yau ba, bai tona sirrin kowa ba. Ka kuma ba ta lambar abokan aikinka biyu da ta san su ido da ido, don idan wayarka ta mutu ta san wanda za ta kira.

Yanzu na zo kan wanda in na tuna shi raina yake ɓaci, wato takardu. Yaro yana shiga aiki yana da shekara ashirin da 'yan kai, a ba shi fom a ce ya rubuta wanda za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance, ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa, shi ke nan ya manta. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, ya ƙara aure, mahaifin ya rasu, amma fayil ɗinsa yana nan yadda ya bar shi yana kurtu. Wani aminina da muka yi sintiri tare shekaru ya rasu a haka. Ni na riƙa ɗaukar matarsa bayan ta fita takaba, da goyo a baya da leda cike da takardu, muna bin ofisoshi, nan a ce sunan da ke takardar ɗaukar aiki bai yi daidai da na banki ba domin a ɗaya an rubuta Muhammad a ɗaya Mohammed, can a ce ranar haihuwa ta bambanta, wanda aka rubuta a fom kuma ya riga shi rasuwa. Kafin a warware, an cire yara biyu daga makarantar kuɗi, ta sayar da keken ɗinkinta. Wallahi ba mugunta ce ta jawo mata wannan ba, sakacin mijin da yake matuƙar son ta ne. Wane irin so ne wannan, da za ka iya tsayawa gaban ɗan fashi amma ka kasa ɓata wuni ɗaya ka gyara fayil ɗinka?

Ku san haƙƙinku. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ana yankar kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusun ajiyarsa, kuma ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Wannan kuɗin marayunka ne, amma ba sa fitowa sai takardu sun daidaita. Ka kuma fahimci cewa rubuta sunan mutum a fom bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba, gado dai sai an raba shi yadda shari'a ta tsara, saboda haka ka zaɓi mai amana ka kuma gaya masa haka a gaban shaidu. Ni al'adata ita ce duk watan Muharram in fito da jaka ɗaya da nake ajiye takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, lambar fansho, takardar shaidar aure da ta haihuwar kowane yaro, in duba su tare da uwargida, in nuna mata inda kwafinsu yake a gidan ƙanena. Ta kan ce ina yi wa kaina fatan mutuwa, ni kuma nakan ce mata mutuwar ba ta jiran a yi mata fata. Haka inshorar lafiya ta ma'aikata: miji da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 take ɗauka, don haka mai mata biyu ko yara da yawa ya bincika yadda ake ƙara sauran tun kafin ciwo ya zo da tsakar dare.

Alfarma ma tana raba gidaje fiye da yadda ake zato. Da ka sa kaki a Kano ka zama ɗan sandan dangi da na unguwa baki ɗaya: an kama ɗan wane a Fagge, an tsare Adaidaita Sahun wane, rikicin fili, bashi a Kantin Kwari. Idan ka yi wa ɗan'uwanka ka ƙi yi wa ƙanin matarka, ka sayi rigima a ɗaki. Idan ka yi wa kowa, wata rana za ka tsaya wa mai laifin gaske, kai ka amsa tuhuma. Ka kafa ƙa'ida ɗaya tun farko, ka faɗe ta a gaban iyayenka da surukanka da ladabi. Tawa ita ce zan je in tabbatar ba a zalunci mutum ba, an ba shi abinci, ba a karɓi kuɗin beli ba tunda beli kyauta ne, amma ba zan ce a saki kowa ba. Surukina ya yi fushi da farko, na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, in na yi wannan gobe abincin jikokinka ne zai tafi." Bai ƙara nema ba.

Mai mace fiye da ɗaya kuma ya kula da rabon kwana, domin jadawalin ofis bai san ranar girkin kowa ba, kuma idan aikin dare ya yi ta faɗawa kan mace ɗaya zargi ne zai shigo. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan wanda sana'arsa ta dare ce kamar mai gadi, ka je ka tambaya, sa'an nan ka zaunar da su tare ka nuna musu jadawalin da idonsu.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma suna tara. Kada ka ci bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata don bikin kece raini, har albashi ya riƙa shigowa da rabinsa. Kada ka ɓoye wa matarka adadin albashinka, domin wadda ba ta sani ba takan ɗauka ya ninka haka. Kada ka yi wa yaro alƙawarin zuwa saukarsa ko taron iyaye a makaranta sai ka riga ka nemi wanda zai riƙe maka aiki. Hoton 'ya'yanka da kayan makarantarsu ba na Facebook ba ne, tunda akwai waɗanda ka kama da suke neman inda za su rama. Jana'iza da ta'aziyya in sun wuce ka, ka bi su ko bayan mako ne, kada aiki ya zama hujjar yanke zumunci. 'Yar'uwata mai kaki kuma, ki daidaita maganar aikin dare da renon yara da mijinki da mahaifiyarsa kafin aure, ba bayan haihuwar fari ba.

Idan sigina, wato sanarwar canjin wurin aiki, ta fito an mayar da kai Doguwa ko Tudun Wada, ko wata jihar, kada ka yi saurin kwashe iyali a tsakiyar zangon karatu. Ka fara zuwa kai kaɗai ka ga ruwa da makaranta da asibiti, in wurin bai yi ba ka bar su kusa da dangi ka riƙa zuwa a ranakun da suka sani. Ɗakin bariki kuma aro ne. Doka ta ce shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga, daga nan sai a buƙaci makulli, kuma kun ga yadda tsofaffin 'yan sanda suka sha fitowa suna kokawa kan ƙarancin fansho. Ka shiga adashi tun kana kofur, ka sayi fili ko a bayan gari ne, wajen Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko gaba da nan, ka karɓi takardarsa da sa hannun mai unguwa da shaidu, ka riƙa aza bulo a hankali, takardar kuma ka sa ta cikin jakar nan tare da sauran.