Yadda za ka duba kaushin ƙasa kafin ka kafa injin iska

In kana son kafa ƙaramin injin iska mai ba da wuta, ko na'urar auna gudun iska, kar ka fara da kallon sama, fara da ƙasan da iskar ke bi kafin ta iso wajenka. Ciyawa, duwatsu, kunyoyi, bishiyoyi, gine-gine, duk suna riƙe iska suna rage mata gudu, kuma can daf da ƙasa gudun kusan sifili ne, sai ka yi sama yake ƙaruwa.

Da farko gano ta ina iska ta fi zuwa, sai ka taka ta wannan ɓangaren ka ga me ke wurin. Masana na auna kaushin da wani tsawo da suke kira z0, kusan kashi ɗaya cikin 10 na tsayin abin da ya rufe ƙasa. Kan teku mita 0.0002 ne, fili mai gajeriyar ciyawa wajen 0.03, gonar da amfani ya tashi 0.1, daji ko unguwa mai gidaje 0.5 zuwa 1. Kuma ka tuna fa kaushin gona na canzawa, filin da yake sumul bayan girbi ba haka zai kasance ba in shuka ta yi tsayi.

To ga inda mutane ke yin asara. Ƙarfin da ke cikin iska yana bin gudunta ne a ninke, wato gudu sau gudu sau gudu, gudu ya ninka biyu ƙarfi ya ninka 8. A fili mai ciyawa in ka ɗaga injin daga mita 10 zuwa 20 gudun zai ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100, amma a wuri mai kaushin 0.5 ƙarin ya kai kashi 23, wanda in ka lissafa ƙarfin ya kusa ninkawa biyu kenan, shi ya sa ni a ganina gara ka rage girman injin ka sa kuɗin a dogon turke, wallahi ya fi.

Sannan nisa. Ka'idar masu auna yanayi ita ce na'ura a mita 10 daga ƙasa, nesa da kowane shinge, wato bishiya ko gini ko duk abin da ke tare iska, da aƙalla ninki 10 na tsayinsa. Injin kuma a so farfelarsa ta wuce tsayin duk abin da ke cikin mita 150 da kamar mita 9.

Gwaji mai sauƙi, ɗaura ƙyallaye a doguwar sanda, wani ƙasa wani tsakiya wani can sama. Wanda ya miƙe tsaf yana cikin iska mai kyau, wanda ke ta fizge-fizge yana juyi yana cikin rikitacciyar iska, irin wadda ke cinye bearin, wato ƙarfen da farfela ke juyawa a kansa, ta gajiyar da farfela. Kar ka kafa injinka a tsayin nan, ƙara sama ko ka matsa gaba da shingen.