Yadda Ake Zaɓar Makarantar Koyon Aikin Jinya a Kano, da Matsayin Sunan Makaranta a Ciki

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, wayata ba ta ƙara samun hutu. Wannan 'yar ƙanena ce, waccan 'yar maƙwabciya, wani kuma uba ne zai yi sallama da takardun ɗansa a cikin ambulan. Sun san na daɗe ina aikin jinya a nan Kano, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Hajiya, wace makaranta ce ta fi suna?"

Abin da nake fara faɗa musu shi ne, lasisin da nas take aiki da shi ba makaranta ke bayarwa ba. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce take bayarwa, wadda mu ma'aikata muke kira Kansul, kuma sai an ci jarrabawarta. Wadda ta yi karatu a makarantar jinya ta gwamnatin jiha da ke Madobi da wadda ta yi a jami'ar kuɗi, jarrabawar nan ɗaya za su zauna, lasisi iri ɗaya za a miƙa musu. Don haka kafin a kai ga suna, akwai abubuwan da suka riga shi. Zan yi magana da "ke" saboda 'yan mata sun fi zuwa wurina, amma samari ma su ɗauka da su nake.

Na farko, ki san aikin da kike nema

Ba duk mai farin kaya a asibiti ce nas ba. Akwai nas, akwai ungozoma, dukansu a ƙarƙashin Kansul suke. Akwai kuma ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW, irin waɗanda ake horarwa a makarantun fasahar kiwon lafiya. Aikinsu mai daraja ne, amma hukumarsu daban, lasisinsu daban, kuma takardarsu ba ta mayar da mutum nas. Na sha ganin yarinyar da ta shekara guda a aji kafin ta gane ba hanyar da ta nufa ta hau ba. Shi kuwa koyon allura da ƙarin ruwa a wani asibitin unguwa, a ɗinka miki yunifom a riƙa kiranki nas, wannan ba karatu ba ne, Kansul ba ta san da zamansa ba.

Na biyu, takardun sakandare

Kiredit biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, WAEC ko NECO. In ɗaya ya faɗi, ki sake zama. Makarantar da ta ce miki "shigo kawai, za ki cike daga baya" kuɗinki take so.

Na uku, amincewar Kansul, kuma nan ne ake yin asara

Ki shiga shafin Kansul na intanet, ko ki je kafe a buɗe miki, ki nemi jerin makarantun da ta amince da su. Ki ga sunan makarantar da idonki, ki kuma ga cewa kwas ɗin da kike so shi aka amince mata ta koyar, domin ana iya yarje wa makaranta koyar da ungozoma ba a yarje mata jinya ba. In jami'a ce, amincewar hukumar jami'o'i ta NUC kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ta Kansul. Babban allo a bakin titi, ko hoton mai makaranta tare da manyan gari, ba hujja ba ne. A shekarar 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu guda 26 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba.

Amma ko sunan yana cikin jerin, da sauran rina a kaba. Kansul tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta, kuma wannan adadin kaɗai take yi wa rajista ta ba su lamba, abin da muke kira indeksin. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, ko da ita ce ta ɗaya a aji. To, makaranta mai kwaɗayi sai ta kwashi ɗalibai fiye da kasonta, ta karɓi kuɗin kowa, ragowar su yi ta jiran gawon shanu.

Wannan ya faru a danginmu. 'Yar yayana ta shiga wata makarantar kuɗi mai kyan gini, mahaifinta ya sayar da filinsa ya biya. Bayan shekara biyu ta zo ta same ni tana hawaye: "Gwaggo, har yanzu ba a ba mu lamba ba, kullum sai a ce wata mai zuwa." Na ce, "'Yata, ku nawa ne a ajinku?" Da ta faɗa min, na san inda matsalar take. Dole ta bar wurin ta faro daga tushe a wata makarantar. Har yau in na tuna filin nan raina yana ɓaci, domin tambaya biyu kacal da sun hana hakan: nawa ne kason da Kansul ta ba ku, kuma ɗalibai nawa kuka ɗauka bara? Ki yi wa magatakardar makaranta waɗannan tambayoyin, sannan ki nemi 'yan aji biyu a waje ki tambaye su ko lambarsu ta fito.

Na huɗu, digiri ko difloma

Mutane da yawa in suna maganar "babbar makaranta", a zahiri wannan bambancin suke nufi ba su sani ba. A Jami'ar Bayero ana yin digirin jinya shekara biyar, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Makarantun jinya kuwa, irin ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na gwamnatin jiha, a da shekara uku ake yi a fito da shaidar nas. Yanzu ana mayar da su kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma (ND) da babbar difloma (HND), shekara biyu-biyu, kuma ta JAMB ake shiga. Ki tambayi wane tsari makarantar take kai a shekarar da za ki shiga.

Mai digiri tana fara aikin gwamnati a mataki mafi sama, kuma hanyar digiri na biyu da koyarwa ta fi yi mata sauƙi. Wannan gaskiya ne. Sai dai nau'in takardar ne ya jawo hakan, ba sunan jami'ar ba. Kuma wadda ta fara da kwaleji ƙofa ba ta rufe mata ba: tana iya shiga jami'a kai tsaye daga baya, ko ta ƙware a wani fanni, kamar jinyar ƙashi da ake koyarwa a Asibitin Ƙashi na Dala. Ni ban yarda yarinya ta zauna shekara uku a gida tana maimaita JAMB don lallai sai BUK ba, alhali ga gurbi a Madobi, ko a makarantar ungozoma ta Dambatta in can zuciyarta take.

Na biyar, ki je ki ga asibitin da za a koya miki aiki

In da za a ce na zaɓi abu ɗaya bayan amincewar Kansul, wannan zan zaɓa. Jinya a hannu take. Kama jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, sa robar fitsari, wanke mikin mai ciwon suga, gane cewa numfashin tsoho ya canza tun kafin na'ura ta nuna, ba a koyon waɗannan a kan allo. Ɗalibar da ta yi dutin dare a sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ko ta ga yadda Asibitin Yara na Hasiya Bayero ke cika a damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, ta ga abin da littafi ba zai nuna mata ba. Ranar farko da sabuwar nas ta zo ɗakinmu, ba na tambayarta makarantar da ta yi. Ina kallon yadda take wanke hannu, yadda take yi wa mara lafiya sallama, da yadda take karanta takardar magani kafin ta taɓa sirinji. A nan nake sanin wanda ya koyar da ita.

Saboda haka ki tambaya: wane asibiti ake tura ɗalibai? Gado nawa ne a ciki? Ana kai su ɗakin haihuwa, da tiyata, da sashen yara, da na masu taɓin hankali kamar na Dawanau? Malami yana bin su can, ko sakinsu kawai ake yi su tsaya jikin bango? Ki leƙa ɗakin gwaji na makarantar, ki ga ko mutum-mutumin koyon aiki ana amfani da su ko ƙura ta rufe su. Gani ya kori ji.

Na shida, sakamakonsu

Ki nemi sanin ɗalibai nawa suka zauna jarrabawar Kansul ta ƙarshe, nawa suka ci a zaman farko. Ki kuma tambayi nawa aka sallama bayan jarrabawar tankaɗe ta watannin farko da ake kira PTS. Makarantar da take alfahari da sakamakonta ba ta ɓoye shi.

Na bakwai, abin da gidanku zai iya ɗauka har ƙarshe

A zauna da Baba ko maigida a yi lissafin shekarun duka, ba zangon farko kaɗai ba: kuɗin makaranta, yunifom, littattafai, rajistar indeksin, kuɗin jarrabawa, da na adaidaita sahu kullum. In kina Rijiyar Zaki, dutin safe kuma yana can titin Zariya, ki san da asuba za ki fita. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai? Akwai ruwa da tsaro? In akwai maganar aure a gaba, a faɗa wa mai neman tun yanzu cewa akwai kwanan asibiti, a kuma tambayi dokar makarantar game da juna biyu, domin ba ɗaya suke ba.

To, sunan fa? Yana da ɗan amfaninsa, ba zan musa ba. Tsohuwar makaranta tana da ɗalibanta a kusan kowane asibiti, su kan sanar da ke in an buɗe gurbi, kuma ofishinta ya saba fitar da takardun shaida ba tare da wahalarwa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga mai son fita waje. Amma ko a can, Ingila jarrabawarta take ba ki ta kwamfuta da ta aikin hannu, haɗe da ta Turanci. Amurka jarrabawar NCLEX take nema. Saudiyya ma tana da tata. Abin da dukansu suke bincika shi ne ko kina da rajista mai kyau da Kansul.

Ki sayi fom a wuri biyu ko uku, kada ki rataya a ɗaya. Ki biya ta banki ko ta shafin makarantar, ki adana kowane rasit, kuma duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce yana da hanya in an ba shi wani abu, ki wuce shi ki shiga ofis ki tambaya da bakinki.